Wanda Ya Zana Kurege Mai Alkyabba

Ina shigowa na tarar Kaka Dolores ta farke ledar littafin zanena na Kurege Mai Alkyabba, jarumin nan sarkin surutu, bugun 1946. Har da lasar yatsa take tana buɗa shafi.

"Kaka, kin kashe ni! Ba a buɗe irinsa! Shi zan sayar in sayi babur in bar Cleveland!"

"Yi min shiru, ja'iri. Dubi yadda jelar nan ta karkace."

"Zanen Buck Malone kike kushewa? Shekara hamsin ana neman wanda zai sa hannu irin nasa, ba a samu ba!"

Ta zaro biro ta rattaba a bangon: Buck Malone, sak irin na ƙasan zanen.

"Ni ce Buck Malone. Lokacin ba sa buga sunan mace," ta ce. "Babur nawa kike so?"