Tabon Hannun Édouard

Suzanne ta ja hannun rigar mijinta sama, ta ga ƙananan tabo biyu a kan jijiya.

"Baban Marie, mene ne wannan?"

"Sauro ne," in ji Édouard, ya janye hannunsa.

Tun da aka nuna fim ɗin mai shan jini a silima, zancen Poumpoumré, mai shan jinin mutane, ke nan a gari. Wai na yanzu ba dodo ba ne, na kusa da kai ne, yana ƙiba kana ramewa. Ita ta fara murmurewa daga jinyar haihuwa, shi kuwa kullum sai bushewa yake. Ta zargi tsohuwar maƙwabciyarsu, har ta daina gaishe ta.

Ranar da ya faɗi a kasuwa bai ƙara tashi ba, ta isa asibiti tana kuka. "An shanye mini miji."

Wata nas ta tare ta.

"Madam, bayan fim ɗin nan kowa ya ƙi ba da jini, har danginki. Kwalaben jinin da aka ƙara miki lokacin haihuwa ba daga Yaoundé suka zo ba. Nasa ne, duka."

Suzanne ta dubi hannuwanta da suka ciko.