Tambayar Jonaki

Ranar Juma'a, sha huɗu ga watan Yuni, da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, lokacin da mazan birnin Rajshahi suke masallaci, Jonaki ta sake yin rubutu a zauren masoya wasan Moyna.

Shafayet ne ya kafa zauren a intanet, kuma da sunansa na gaskiya da hotonsa yake shugabancinsa. Wasan talabijin ne, labarin wata mata Moyna da mijinta yake duka, ita kuwa kullum tana yafewa. A makon nan 'yan zauren suka yanke shawarar kai ƙorafi gidan talabijin, cewa wasan yana koya wa mata zaman wulaƙanci. Kowa ya amince, ban da Jonaki. Wasu suka fara cewa a kore ta, kuma hukuncin yana hannun Shafayet.

Babu wanda ya san ta. Ba ta da hoto, ba ta kuma magana sai ranar Juma'a.

"Ku daina kiranta wawiya," ta rubuta. "Wataƙila 'yarta tana da jarrabawa. Wataƙila ya kulle mata takalma a akwati. Ai ranar da ya ƙona mata hannu da tukunyar shayi ta yi niyyar fita."

Tithi, wata ɗalibar jami'a mai kaifin baki, ta amsa nan take, tana kiranta khala, wato inna: "Khala, a wane kashi aka nuna wannan? Ko a mafarki kike kallon naki? Don Allah a haɗa mata kuɗin tabarau!" Fuskokin dariya suka cika zauren.

Shafayet ya ga abin da ake ciki bayan an sauko daga masallaci. Yana zaune a tsakar gida yana shan mangwaron da yayarsa Rokshana ta aiko, tare da saƙon cewa bana ma ba za ta samu zuwa babbar Sallah ba, aiki ya riƙe mijinta. Bai gama karantawa ba sai ga wani rubutun Jonaki, wannan karon ta kira sunansa, har da bhai, wato ɗan'uwa.

"Shafayet bhai, kai nake tambaya, ba su ba. Da kai ne ƙanin Moyna, ta zo ta tsaya a ƙofarku da yara biyu, me za ka ce mata?"

Ya san ɗaruruwan idanu suna jiran amsarsa. Ya goge hannu, ya tsara kalmominsa a tsanake.

"Zan tambaye ta inda ta ajiye mutuncinta duk shekarun nan. Macen da aka mara ta kuma kwana a gidan, ita ta zaɓa wa kanta. Irinku ne kuke sa wasan nan yake ci gaba. Alhamdu lillahi, a gidanmu ba a haifi irin Moyna ba."

"Shugaba, ka gama magana!" in ji Tithi. "Buɗe wa khala ƙofa ta sha iska."

Ya cire ta daga zauren. Aka kai ƙorafin, har wata jarida ta ambaci sunansa.

Washegarin Sallah aka kira shi daga asibiti. Mijin Rokshana ya ce santsi ne ya kwashe ta daga kan bene. Ba ta farfaɗo ba, ta cika kafin magariba.

Bayan jana'iza, wata tsohuwa maƙwabciyarta ta ja Shafayet gefe, ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wata ƙaramar waya.

"Ɗana, a wurina take ɓoye ta. Duk Juma'a idan ya tafi masallaci take shigowa, ƙafa ba takalmi, ta ɗan taɓa ta koma. Juma'ar da ta wuce har ta ɗaure kayanta da na yaran ta kawo nan. Ta ce in jira, akwai wanda za ta tambaya tukuna. Ban san me aka ce mata ba. Ta dai ɗauki kayan ta koma ciki."

Shafayet ya kunna wayar. Shafi ɗaya ne a buɗe, da sanarwar cewa shugaban zaure ya cire mai wannan waya. Sunan da yake sama shi ne Jonaki.