Ɗigon Garba

Batula ta ɗan jiƙa robar da yawu, ta danna mariƙin wayar a gilashin tagar ɗakinta har ya kama. Ta maƙala wayarta a bakinsa, ta koma kan tsintar wake, ido ɗaya a faranti, ɗaya a kan taswirar da ke cikin wayar. Kwana goma sha tara ke nan tana haka.

Ranar da mijinta Garba ya sayo abin nan, babu irin tsiyar da ba ta yi masa ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana jigilar fasinja tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ya san kowane rami a hanyar kamar tafin hannunsa, shi ne zai zuba kuɗin cefanen sati a kan roba, ga sayen data kullum, don wata muryar baturiya ta riƙa ce masa yi dama, yi hagu? Garba dariya kawai ya yi. Ya ce duk direbobin tasha sun saka. Abokinsa Misbahu mai shagon waya ne ke maƙala musu, har yakan karɓi wayar kowa ya saita masa manhajar nuna hanya kyauta, saboda zumunci.

Dama Garba akwai son abin yayi. Ko ƙarar kiran wayarsa carar zakara ce, ta sha ba ta kunya a gaban baƙi.

Daga baya wata fasinja ta nuna masa wata dabarar. Ya dawo gida yana rawar jiki, ya lallatsa wayar Batula, sai ga ɗan ɗigo shuɗi a kan taswira. Ya ce wannan shi ne, duk inda ya shiga za ta gan shi. Ta ja tsaki, amma ta riƙa leƙawa a ɓoye. Ba ta faɗa wa kowa ba, kar a ce da girmanta tana bin diddigin miji.

Wata Talata da hantsi ɗigon ya sauka daga kwalta kafin a kai Kurfi, ya nausa daji, ya tsaya, ya dushe. Da yamma aka jawo motar, ƙofofi a buɗe, mariƙin na nan a gilashi baki a wangale. 'Yan bindiga sun kwashe Garba da fasinjoji biyar. Shi ne direba na huɗu daga tashar a wata biyu.

Ba a kira ba, ba a aiko ba. Masu jaje suka yi ta raguwa, har ya zama sai Misbahu. Duk ranar kasuwar Kurfi yakan kai kayan shagonsa can, idan ya dawo ya biyo da ledar biredi, ya tsaya a zaure idonsa jawur. Ya ce abin ya fi cin ransa, don su huɗun duk mutanensa ne. Ya ce ta daina wahalar da kanta da kiran lambar, irin waɗannan mutane farfasa waya suke yi nan take.

Ta bar kiran, ta ci gaba da kallon. Ta ciro mariƙin daga motar ta kai ɗaki, abin da ta raina ya zama shi ne abokin hirarta. A ranta ta san ba ta da wata hujjar cewa Garba na numfashi. Tsoro kawai take ji.

Yau, ana gab da kiran azahar, ɗigon ya kawo haske.

Farantin ya suɓuce, wake ya watse a tabarma. Ɗigon ya bar daji, yana tsakiyar garin Kurfi. Tana kallo ya motsa, ya hau hanyar Dutsin-Ma, yana tafe da saurin abin hawa.

Ta kai yatsa za ta kira, ta fasa. Idan ɓoye yake a motar wani, zakaran nan ya tona masa asiri fa? Ta ɗora ruwan wanka. Ta ciro farar rigarsa ta kakkaɓe. Ta dawo taga, ta koma murhu, ta sake dawowa, bakinta bai bar salati ba.

Ɗigon ya shigo gari. Ya tsaya a tasha kamar minti goma, ta ce ai dole, 'yan'uwansa direbobi sun rufe shi da murna. Ya sake tasowa, ya wuce masallaci, ya karyo kwanar mai niƙa, ya shigo layinsu. Ya zo daidai ƙofar gidanta ya tsaya cak.

Ta fizge wayar daga mariƙin, ta fita ba ko takalmi.

Misbahu ne a zaure, da ƙurar hanya a hularsa da ledar biredi a hannu. Ta leƙa bayansa, ta leƙa waje. Babur ɗinsa ne kaɗai a jingine.

"Hajiya Batula, ya ƙarin haƙuri? Har yanzu shiru ko?"

"Ina ka baro shi, Malam Misbahu?"

"Wa hwa?"

Ta dubi taswira. Ɗigon na nan a kan zaurenta, bai gusa ba. Ta danna lambar Garba.

Zakara ya yi cara a aljihun Misbahu.