Yatsu Huɗu a Kafaɗa

Umma ta karɓe dutsen guga daga hannuna. "Ke matsa, ba ki da ƙarfin dannawa. Shekara ashirin ina yi wa mutane guga."

Riguna goma sha biyu ne, waɗanda ƙawayena za su sa a walimar kammala karatuna. Hoton da na buga a takardun da ake manna wa riga da guga na ranar yaye mu ne: ni cikin rigar jami'a, Umma a gefena da mayafinta da ya koɗe. Kafin ta shigo ɗakin na sa almakashi na bi gefen jikina, na yanke ta daga kowace takarda, na cusa guntayen ƙarƙashin katifa. Na ce wa kaina don hoton ya zauna daidai a ƙirji ne.

Ta kifa takardar a kan riga, ta danna da hannu biyu. Da ta ɗan huce, ta ɓare bayanta a hankali.

Ga ni nan ina murmushi ni kaɗai. A kafaɗata kuwa ga yatsu huɗu da almakashi ya kasa raba ni da su, ɗaya da tabon ƙunar dutsen guga.

Ta daɗe tana kallo. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Kin yi kyau," ta ce. Ta shafa rigar, sannan ta miƙo mini wannan hannun. "Kawo ta biyu, kada dutsen ya huce."