Targaɗen Sahabi

Sahabi ya shigo gida yana ɗingishi, ya ce targaɗe ya yi a gona. Matarsa Nusaiba ta jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi ta manna masa a idon sawu, ta ɗaure da ƙyalle, ta ɗora ƙafar bisa turmi.

"Maigida, ban da murzawa, ban da takawa. Ƙanena Jamilu zai kai maka gyaɗarka kasuwar Batsari."

Da azahar labari ya iso ƙauyensu Karare: 'yan bindiga sun tare motar kasuwar da Jamilu ya shiga, sun kwashe kowa.

Ta faɗa ɗaki tana kuka. Sai ta tarar da Sahabi yana kai-komo garau, waya a kunne.

"Ai na gaya maku a cike za ta taso," yake cewa.