Tumatirin Gida

"Me ta ci?" likita ta tambaya, tana laluben jijiya a hannun yarinyar.

"Ɗanyen tumatir," in ji uwar. "Ba a jima ba sai amai, miyau na ta dalala."

"Wannan alamar maganin feshi ce."

Uban ya girgiza kai. "Ba zai yiwu ba, likita. Ni manomi ne. Na kasuwa nake yi wa feshi ana gobe tsinka, don ya isa ba tsutsa. Na lambun gida kuwa ko ɗigo bai taɓa sha ba. Shi kaɗai iyalina ke ci."

Likita ta ɗago. "Na kasuwar fa, 'ya'yan wa ke ci?"

Ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta sake yunƙurin amai, ya riƙe ƙafafunta da suka yi sanyi.

Sai matarsa ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Maigida, ba ka taɓa gaya mini dalili ba," ta ce. "Na ga tsutsa na cin namu, na ɗauka mantawa kake yi. Jiya na fesa masa ragowar maganinka. Har sau biyu, don ya yi kyau irin na kasuwa."