Matatar Malam Sallau

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Sallau maƙeri ya kai zanen matatarsa ofishin rajista. Matatar tana cire gishiri daga ruwan rijiya. Hukuma ta buga wa zanen hatimin sirri, ta sa masa munduwa mai sauraron duk abin da ya faɗa, don kada ya tona sirrin.

Bana rijiyoyin garinsu sun yi gishiri, ƙafafun matarsa Ladidi sun kumbura. Ya shiga mota ya koma ofishin.

Ya ce wa ma'aikaciyar, "'Yata, so nake in duba zanena. Wasu awo sun ɓace mini."

Ta duba na'urarta. "Baba, ba ka cikin waɗanda aka yarda su gani."

"Ai ni na zana shi."

"Na sani. Kamar nawa ka manta?"

"Ya kai rabi."

Ta rubuta, sannan ta ce cikin ladabi, "To, an ci gaba. Ranar da ka manta sauran, ka dawo mu cire maka munduwar."

Ya yi mata godiya. A tasha ya saya wa Ladidi jarkar ruwa ɗaya, ya riƙe ta a cinya har gida.